Labari a Ƙunshin Awara

Ɗakin da muka yi ta ja-in-ja a kansa bai fi rumfar mai shayi girma ba. Taga ɗaya gare shi, da kanta biyu na katako, da tabarma. Yana bayan aji shida, a makarantar da 'yan kasuwarmu na Ose suka haɗa hannu suka gina wa 'ya'yansu a nan Anacha. Ni na share shi, ni na toshe rufinsa da leda da damina ta kankama, ni na bi gidajen ƙawayena na kwaleji ina roƙon tsofaffin littattafai har kantocin suka cika. Mabuɗinsa a wuyana yake wuni.

Sunana Mansura, 'yar Malam Isah mai tattasai. A garin nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, na je kwalejin horar da malamai na dawo da takardata. Mutane sun zaci zan nemi aiki a wata makarantar kuɗi ta cikin gari. Na ce a'a, inda na fito nan zan koyar. Wasu suka ce iyayi ne, wasu suka ce can ɗin ne ba su ɗauke ni ba.

Yaran ajina ba daƙiƙai ba ne. Haulatu, wadda ta fi kowa baki a ajin, za ta yi ciniki da Hausa, ta yi faɗa da Ibo, ta yi tsiya da Turancin buroka, ba tare da ta haɗiyi yawu ba. Imrana kuwa daga jin hon zai gaya maka tirelar da ta shigo ta gadar Head Bridge ta albasa ce ko ta shanu. In na rubuta abu a allo, za su bi ni da amshi kamar waƙa. Amma in na ce kowa ya ɗauki littafi ya karanta shi kaɗai, nan take cikin wannan zai murɗa, wancan ya tuna babansa ya aike shi.

Ba irin dabarar da ban gwada ba. Na yi lallashi, na yi kyautar biskit, na yi fushi. Biskit ya ƙare, su ma suka ƙare. Wata rana na tsinci bangon wani littafi da nake ji da shi an yi fifita da shi. Suka laƙaba mini suna Anti Buɗe-Shafi. Ina jin su ta taga suna kwaikwayon muryata, in maƙe ƙwalla, in shiga aji kai a sama kamar ban ji ba. Zango biyu ina buɗe ɗakin nan lokacin tara, in zauna ni kaɗai da ƙadangaru.

Sai ga Alhaji Kallamu. Shi ne shugaban kwamitin makaranta, babban dillalin albasa, abokin mahaifina tun suna samari. Ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, amma ya tsani ganin wuri a banza. Ya leƙa ɗakin, ya dube ni, ya dubi tabarmar da ba kowa a kai.

“'Yar Malam Isah, ina masu karatun?”

“Za su zo, Baba Alhaji.”

“Haka kika ce bara.” Ya gyara babbar rigarsa. “Ga albasar mutane can ruwa yana dukanta a bakin kasuwa, ga ɗaki nan da rufi ba ya yi wa kowa komai. In muka ba da shi haya, makaranta ta samu na alli. Na ba ki zuwa hutu. In ban ga yara a ciki ba, ki kawo mini mabuɗi.”

Na ce to. Da ya juya na damƙe mabuɗin har ya yi mini shaida a tafin hannu.

A makon nan ne na ga abin da ya sauya mini tunani. A ƙofar makaranta akwai Inna Tani mai awara, tsohuwa mai barkwanci, tana ƙunsa wa yara awara da yaji a yagaggen tsohuwar jarida. Ina tsaye ina jiran okada, sai na hango Haulatu a gindin katanga. Ta cinye awararta, amma ba ta yar da takardar ba. Ta shimfiɗa ta a gwiwa, bakinta yana motsi. Ta kai ƙarshe, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa, ta yi tsaki.

“Mtsw! Sun yage daidai inda ɓarawon ya hau katanga.”

Ba da ni take ba, ba ta ma san ina wurin ba. Yarinyar da ta rantse mini haruffa suna sa mata ciwon kai, ga ta tana jin haushin an yanke mata labari. Ashe ba karatun ta ƙi ba. Littafin ta ƙi, da ni da ke tsaye a kanta.

Washegari na je wurin Inna Tani na durƙusa na gaishe ta.

“Inna, ya takarda?”

“Ke dai bari, 'yar nan. Kowa ya koma latse-latsen waya, jarida ta zama gwal. Jiya da takardar jarrabawar wasu bayin Allah na ƙunsa.”

“In na riƙa kawo miki kyauta fa?”

Ta dube ni ta gefen ido. “Kyauta a Anacha? Me za ki ci a ciki?”

“Sharaɗi ɗaya. Masu kayan makaranta kaɗai za ki ƙunsa wa da ita. Kuma ko an sa miki wuƙa, ba ki san daga inda take fitowa ba.”

“Ni da ko alif ban sani ba a boko? Kawo, Malama. In asiri ne ma, Allah ya sa na farin jinin awara ne.”

Na zauna na ƙirƙiri labari da Hausarmu ta nan. Na wata yarinya ce, Kamila, da ta ɓuya cikin tirelar albasa a Ose don kada a aike ta, barci ya kwashe ta, ta farka mota ta haye gada ta miƙi hanyar Arewa, ƙasar da ba ta taɓa gani ba sai a bakin kakarta. Kullum in rubuta shafi biyu ko uku, in kai shagon hoton takardu a buga mini da yawa, in gauraya su in ba Inna Tani. Kowane shafi ina yanke shi daidai inda rai zai so ƙari. Wanda ya samu na farko bai samu na biyu ba, sai ya nemi wanda ya samu.

Kwanakin farko ban ga komai ba. Sai wata safiya na shigo aji na tarar da Imrana ya shaƙe wuyan rigar wani yaro.

“Ba ni na huɗun! Ai na ba ka na ukun ka karanta!”

“Ban gama ba!”

“Tun jiya? Kai wane irin kunkuru ne?”

Na raba su, na yi musu faɗa sosai a kan dambe a aji, ban tambayi abin da ya haɗa su ba. Da na juya ga allo sai da na ciji leɓe don kada dariya ta tona ni.

Daga nan abin ya kama kamar wutar kara. Lokacin tara sai ka ga kawuna sun haɗu a gindin katanga, ɗaya yana karantawa yana tuntuɓe, sauran suna gyara masa da tsawa. Ana musayar shafi da shafi, ana ba da aro, ana jinginarwa. Inna Tani ta ƙara waken da take jiƙawa. Haulatu ta zama uwar harka, ita ta san wa ke riƙe da wane shafi. A aji kuwa in na ce a buɗe littafi, har yanzu sai ta dafe kai.

“Anti, ciwon nan ya dawo.”

“Sannu,” in ce mata. “Allah ya sawwaƙe.”

Niyyata in bari sai labarin ya kai tsakiya, sannan in ajiye ragowar a ɗakin karatu, in ga wanda zai iya haƙuri. Ban kai ga haka ba.

Ranar wata Laraba aka ɗauke wuta tun safe, mai shagon hoton takardu ya ce janaretonsa ya lalace. Na buga shafukan ranar tun jiya, saura guda, wanda a cikinsa direba ya ɗaga tamfol ya ga Kamila. Ban so a yi tsalle a labarin ba, sai na ba Inna Tani shafin da na rubuta da hannuna, shi kaɗai ba na biyu. Yara suka yi ta cigiyarsa har Alhamis. Ba wanda ya same shi. Wutar kuwa ba ta dawo ba, ban sake kai wa Inna Tani wani shafi ba. Suka tsare Inna Tani da tambaya har ta kore su da matsami.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ce Alhaji Kallamu yana kirana a ofishin hedimasta. Na shiga da sallama. Yana zaune, fuskar nan ba annuri. A kan tebur ga shafina, ya sha mai, gefensa ya yi baƙi da laka.

“Rubutun wa ye wannan?”

“Nawa ne, Baba Alhaji.”

“A bakin kwata na tsince shi, ina hanyar masallaci. Boko ba ta dame ni ba, amma akwai kalmar da ko da wane harafi aka rubuta ta ina gane ta.” Ya ɗora yatsa. “Nan. Da nan. Da nan.”

Na duba. Direba ya ce subhanallahi. Kamila ta ce don Allah kada ka dake ni. Yaron mota ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Ni da tun ina ƙarama aka koya mini in na ga takarda mai sunan Allah a ƙasa in ɗauke in soke ta a jikin bango, ni ce na ba da ita a ƙunsa awara. Na yi ta lura da inda zan yanke labari, ban lura da wannan ba. To wa zai rubuta hirar Hausawa babu Allah a ciki? Ko gaisuwa ba za ta kai ƙarshe ba.

“Wannan kuskurena ne,” na ce. “Ba da gangan ba.”

“Na san ba da gangan ba, ai na san gidan da kika fito. Amma Tani ta ce makonni kina kai mata. Yanzu nawa ne a kwata? Nawa ake takawa a kasuwa?”

“Yarana ba sa yarwa.”

“Yaro ya ci awara ya adana takarda? Mansura!”

“Ba sa yarwa, Baba Alhaji.”

Ya ɗauke yatsansa daga kan shafin. “To. Ranar Litinin zan zo ajinki. Ki tattaro mini su duka, a ƙone su yadda ya kamata. In suna hannun yara kamar yadda kika ce, mu gani. In babu, kin san inda suke, kuma ba sai mun jira hutu ba. Ki taho da mabuɗi.”

Yara ba su tashi ba tukuna, don ranar akwai sharar aji. Na tsaya a gabansu na faɗa musu komai, cewa ni ce mai rubuta labarin Kamila, da abin da ya faru, da abin da Alhaji ya nema. Imrana ya buɗe baki ya kasa rufewa.

“Anti, ke ce? Ke?”

“Ni ce. Anti Buɗe-Shafi.”

Wasu suka sunkuyar da kai. Haulatu ba ta sunkuyar ba. Ta tsura mini ido irin na 'yar kasuwar da aka taya wa kaya da arha.

“In mun kawo me za a yi da su?”

“Ƙonewa za a yi.”

“To ni ban da ko ɗaya.”

“Ni ma na yar,” in ji Imrana.

“Ni akuya ta cinye nawa.”

Kafin in ankara ajin gaba ɗaya ya zama na marasa takarda. Na san ƙarya suke yi, sun san na sani. Da na ɗauko bulala da sun kawo. Da na yi musu kuka, watakila da sun kawo. Ban yi ko ɗaya ba. Zango biyu ina roƙon yaran nan su riƙe takarda, yau sun riƙe ta da haƙori, ba ni zan ɓamɓare ta daga hannunsu ba. Na ce su tafi gida.

Asabar da Lahadi na yi su a ɗakin karatu, ina jera littattafai a kwali don kada ranar ta zo a watsa mini su waje. Mahaifiyata ta ce in je in ba Alhaji haƙuri, in sa mahaifina ya yi masa magana. Na ce laifin da na yi na amsa shi a gabansa, ba zan ƙara da roƙon abin da na san ina da gaskiya a kai ba.

Litinin Alhaji Kallamu ya zo da hedimasta. Yara suka miƙe suka gaishe su. Ya zauna a kujerata, ya ajiye shafin nan mai laka a kan tebur.

“To, ina takardun?”

Ba wanda ya taɓa jakarsa.

Ya dube ni. Na cire zaren daga wuyana, na ajiye mabuɗin kusa da hannunsa.

Sai Imrana, da ke zaune a gaba, ya miƙa wuya yana leƙen tebur. Ya zabura.

“Haulatu! Ga shi can! Na ranar Laraba!”

Ajin ya ruɗe. Na baya suka hau benci. Hedimasta yana buga tebur, ba mai jin sa. Haulatu ta fito, ta durƙusa a gaban Alhaji har ƙasa.

“Baba, don girman Allah a ina ka same shi? Mun neme shi har bayan rumfar masu kifi.”

“A kwata. Inda kuka yar.”

“Wallahi ba mu ba ne. Ranar jikar Inna Tani ce ta tsare tire da Inna ta je alwala, ita ba ta san doka ba. Wani ɗan dako ta ƙunsa wa. Mu ko yagewa ɗaya ya yi sai mun liƙe.”

“To in ba ku yar ba, ina suke?”

Ta dubi sauran. Sannan ta ɗago.

“Baba, in an fito da su ƙonewa za ka yi?”

“Ke, da wa kike ciniki?” in ji hedimasta.

Alhaji ya ɗaga masa hannu. “Bar ta. 'Yar wa ce?”

“'Yar Abdulfatah mai citta.”

“Shi ya sa. Ubanki ma bai taɓa sallama kaya a tayin farko ba.” Ya gyara zama. “Abin da ke kwata shi ake ƙonewa. Abin da aka adana, ban ga dalili ba. Amma sai na gani da idona.”

Haulatu ta koma wurinta, ta zuge jaka, ta fito da wata leda baƙa. Sai ga jakunkuna suna buɗewa. Daga cikin safa, daga ƙasan littafin lissafi, daga aljihun wando. Imrana ya ciro nasa daga cikin hula. Suka yi ta tulawa a kan tebur, takardu sun yi sharkaf da mai har ana ganin yatsa ta bayansu, an ninke, an liƙe, wasu an bi haruffan da suka dushe da biro. Ajin ya gauraye da ƙanshin awara da yaji. Ashe duk da ƙaryar akuya, ba wanda ya iya barin nasa a gida.

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wata. Can ya ɗauki shafin mai laka ya miƙa wa Haulatu.

“Me ke ciki da har kuke hawa benci? Karanta in ji.”

Ta karɓa da hannu biyu. Ta fara, ta yi tuntuɓe a kalmar tamfol, Imrana ya gyara mata, ta harare shi ta ci gaba. Direba ya ɗaga tamfol. Kamila ta roƙe shi. Ya tambaye ta 'yar wa ce a Ose, ta buɗe baki za ta faɗa, sai ga fitilar 'yan sanda a gaba. Nan shafin ya ƙare.

“Sai me?” in ji Alhaji.

“Nan ya tsaya, Baba.”

Ya juyo gare ni. “Sai me ya faru?”

“Yana ɗakin karatu, Baba Alhaji,” na ce. “Ga mabuɗin nan kusa da hannunka.”

Hedimasta ya kawar da kai yana tari. Alhaji ya dubi mabuɗin, ya dube ni, ya girgiza kai.

“Taurin kan Isah ne, ba ki bar komai ba.” Ya turo mini shi da yatsa. “Ki ji da kyau. Daga yau ba a ƙara ƙunsa abinci da rubutu irin wannan. Tani ta zo wurina, ina da takardun siminti da ba komai a jiki sai a yanka mata na ciki. Waɗannan kuma a haɗa su wuri ɗaya, a ajiye a sama, ba a ƙasa ba. In na sake tsintar ko rabin shafi a kwata, ba ruwana da 'yar wa ce ke.”

“Na ji, Baba Alhaji. Na gode.”

Da yamma Imrana ya zo da basilla da zaren ɗinkin buhu daga rumfar babansa. Suka zaɓi shafi mafi tsabta daga kowane, suka jera, ya ɗinke su yadda ake ɗinke bakin buhun albasa, ƙulli a sama ƙulli a ƙasa. Shafin mai laka suka goge shi da tsumma suka sa a wurinsa.

Ban yi barcin kirki ba a daren, don ban san ko za su zo ba tunda babu awara a ciki. Washegari da aka kaɗa ƙararrawar tara na buɗe ɗakin na zauna kamar kullum. Na ajiye sabon shafin a kan kanta, guda ɗaya tak. Ban kira kowa ba.

Suka zo har tabarmar ta kasa. Aka yi layi, ana faɗan wa ya riga wa. Haulatu ta makara, ta samu kanta a ƙarshe. Ta tsaya tana tsaki, tana leƙen kan na gaba, ta gaji. Sai ta sa hannu a kwalin da ban gama kwashewa ba, ta zaro wani littafi mara bango, wanda aka yi fifita da bangonsa. Ta jingina da ƙofa ta buɗe.

“Ya ciwon kan?” na ce.

Ba ta ɗago ba.

“Anti, don Allah ki bari. Ina karatu.”